Daga Toranke Zuwa Anacha Neman Ƙurƙura

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na tsaya shan mai a Gaya, tambaya. In na je ɗaurin aure a Ajingi, kafin a shafa fatiha wani ya matso kusa da kunnena: "Habibu, wai da gaske a yanke ake kawo su?" Har wanda ko keke bai mallaka ba so yake ya ji nawa na saya. Nawa na saya dai ba zan faɗa ba, wannan tsakanina da Yaya Sale ne. Amma yadda tafiyar ta kasance ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa in wuce.

Na daɗe ina tuƙa motar mutane tsakanin Gaya da Wudil da Kano, kullum in kai wa mai mota balas in tashi da na cefane. A garinmu Toranke kuwa, ranar kasuwa manomi zai tara buhunansa a bakin hanya ya wuni yana jiran abin da zai ɗauke su. Ni kuɗi na gani a zube a wurin nan. Abin da ake bukata shi ne 'yar ƙurƙura, ƙaramar motar nan mai rufi da ake cire wa kujerun baya a loda kaya, ba ta shan mai, kuma ba ta tsoron burji. Na kai wa yayana Sale maganar, don shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, gonar gado ma a hannunsa take. Aka yi kwana da kwanaki. Rannan da safe sai na ga ya kwance shanun huɗarmu guda biyu ya nufi kasuwa da su.

Lissafinmu a fili yake. Gab da damina shanun huɗa suke tsada, saboda haka a sayar yanzu. In na kawo mota kafin ruwa ya sauka, 'yan kasuwanni kaɗan za ta ci ta fitar da kuɗin da za mu ɗauki shanun wani su yi mana huɗa. Kuɗin shanun da ɗan abin da na tara duk aka zuba a asusuna na banki, ko na goro Yaya bai rage ba. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya ya ce, "Habibu, ka riga ruwa dawowa." Na ce, "Haba Yaya, kafin ka yi kewata na dawo."

Wasu sun ce me ya hana ni saye a Kano. Na duba na Kano. Wadda kuɗina ya kai ta sha hannu har ta gaji, wadda ke da lafiya kuwa dillalai sun ɗora mata ribar mutum uku. Tushen abin yana Anacha, can ake sauke su, to me zai sa in sayi ragowar wani?

Na tafi da Malam Haladu, bakanike ne a Gaya, tun ina yaro yake kwance inji. In mota ta wuce yana shan shayi zai gaya maka abin da ke damunta. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa wuce Kaduna ba, kuma ya riga ya yanke cewa duk abincin da ke gaba da nan ba na Musulmi ba ne. Jakarsa rabi sifana, rabi ƙuli-ƙuli da dakuwa da ƙullin yaji.

A Sabon Gari muka hau doguwar bas. Kafin a tashi wani ya bi mu kujera kujera yana ɗaukar fuskar kowa a waya, wai saboda tsaro. Malam Haladu ya gyara hula ya yi murmushi kamar ango. Muna fita gari wani mutum mai kwat ya miƙe ya fara wa'azi da addu'a, mota ta ɗauki waƙa gaba ɗaya. Malam Haladu ya zaro carbi ya ɗaga murya da salati, kai ka ce gasa aka sa. Da mai kwat ya gama addu'a sai ya buɗe jaka ya shiga tallar maganin basir. Wanda ya fara saye a motar nan Malam Haladu ne.

Mun yi sallar asuba a Lokoja, inda mata ke bin mota da soyayyen kifi a faranti. Daga nan ƙasa ta sauya, ta yi ja, daji ya rufe hanya, kuma ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Mu da muka baro gida ana zafin bazara, na san ruwan nan arewa ya nufa, sannu a hankali yake tafiya kawai. Ba iyakar ƙasa muka tsallaka ba, babu wanda ya nemi fasfo, amma da muka hau gadar Anacha na san mun bar gida. Kogin ba ka ganin ƙarshensa, gadar kuma tana ɗan rawa in manyan motoci sun hau. Malam Haladu ya rufe ido ya riƙe gwiwata har muka sauka.

Masaukinmu wurin Alhaji Ɗan'azumi ne, mutumin Gafasa da ya daɗe can yana dillancin albasa. Yana jin Toranke ya ce ai mu 'yan gida ne, ya tambayi dattawan da wasunsu sun rasu bai ji ba. Ya ba mu ɗaki a bayan rumfarsa. Ɗakin ba laifi, sai dai har yau in na buɗe jakar da na je da ita albasa nake ji, sauron garin kuma bai san maganin sauro ba.

Abinci sai da aka yi daga. Tuwon rogonsu da suke kira akpu, warinsa kawai Malam Haladu ya ji ya koma kan ƙuli-ƙulinsa. Ni na ci, da miyar ganye mai yauƙi, kuma na ƙoshi har la'asar. Da safe mata na yawo da wani abu a ƙunshe kamar alale, suna kiransa okpa. Malam Haladu ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai taɓa ba. Alhaji ya ce, "Malam, gurjiya ce fa. Daga wajenmu ake kawo musu ita." Ya ɗanɗana yana yatsina fuska. Kafin mu bar garin mai tallar ta san shi, tana zuwa take cewa ina baba.

Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa. Mu sai mun tambayi gida da iyali da gajiya da zafi kafin a zo kan magana. Can kana buɗe baki za a ce me kake so. Da farko na ɗauka wulakanci ne, daga baya na ga ko junansu haka suke yi. Ga mata riƙe da manyan shaguna, wata ma tirela gare ta, tana tsaye tana yi wa direbanta faɗa yana ba ta haƙuri.

Ranar Asabar Alhaji ya kai mu filin da ake haɗa motocin. To masu tambaya, da gaske ne, a yanke ake kawo su. Ana buɗe kwantena za ka ga rufi daban, ƙofofi an jera a ciki, gangar jiki an ɗora wata kan wata. Masu walda su haɗa, wasu su mai da sitiyari daga dama zuwa hagu, masu fenti su rufe aibin kowa. Duk sirrin sayen motar nan shi ne ka san inda aka yanka. In a ginshiƙan rufi ne, ba komai. In yankan ya ratsa ƙasan motar, ranar da ka loda mata buhu ka faɗa rami za ka gane kurenka.

Mai filin sunansa Emeka, a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausa a bakinsa sai dai bai damu da mace ko namiji ba. Ya zaunar da mu ya kawo goro a faranti. Su ba sa ɓare goro haka kawai kamar mu. Sai da ya ɗaga shi ya yi doguwar addu'a da yarensu, ya fasa, ya miƙa wa Malam Haladu da yake shi ne babba, sannan aka ci da wata dakakkiyar gyaɗa mai yaji. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce a raina wannan mutumin ya san girman baƙo.

Akwai wata farar ƙurƙura a wurin. Malam Haladu ya shige ƙarƙashinta ya daɗe, ya ɗaga kujera ya taɓa injin da ke ƙarƙashinta ya ji da sanyinsa, sannan ya sa aka tayar. Bugu ɗaya ta tashi, ba hayaƙi. Ya fito yana kakkaɓe riga, sai ya taka mini ƙafa. Na gane. Muka shiga ciniki da Emeka tun hantsi har la'asar, na tashi zan tafi ya fi a ƙirga, daga ƙarshe ya sauko daidai inda kuɗina ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, na bar maka." Muka yi musabaha a gaban Malam Haladu.

Kuɗin sun fi abin da waya ke turawa a rana, dole sai na shiga banki. Gobe Lahadi ba kasuwa, Litinin ma a lokacin ba a fitowa a garin, dalilinsu ne, ban tsoma baki ba. Na ce Talata da safe zan kawo. Emeka ya ce, "Ba matsala. Ajiye wani abu."

Nan raina ya ɓaci. A kasuwar shanunmu, in mai saniya ya ce ya sallama a gaban shaida, an gama. Ko wani ya zo ya ninka masa ba zai waiwaya ba, in kuwa ya waiwaya ya gama cin kasuwa a wurin. Shanun Yaya ma wanda ya saya sai da ya kora su gida ya kwana biyu sannan ya kawo kuɗi. Kafin alƙalami a wurinmu wanda ba a yarda da shi ba ake nema wa. Ni da na ci goron mutum, na ba shi hannu, a ce in ajiye wani abu?

Na ce, "Emeka, maganata ba ta isa ba? Daga Kano na taso, wasa na zo yi?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yadda ka gani, Alhaji."

Na fito ina jin kaina. Ko Alhaji Ɗan'azumi ban gaya wa wannan ɓangaren ba, na dai ce masa an sallama.

Ranar Talata muka iso da kuɗi a shirye. Inda farar take babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Emeka ya ce tun yammacin Asabar wani ya zo ya biya. Ban san sanda na ɗaga murya ba, masu walda suka ajiye aiki suka zo kallo. Na ce masa maci amana, na ce goron da ya ba mu na yaudara ne. Shi ko gezau. Ya ce, "Alhaji, ni na ce ka ajiye wani abu, kai ka ce maganarka. Motar ya tafi. In kai ba ka dawo ba fa, wa zan kama?"

Da na kai wa Alhaji Ɗan'azumi ƙara, sai da ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "Habibu, a Gaya an san mahaifinka, an san gonarku, in ka gudu an san ƙofar da za a buga. Nan wa ya san ka? Ajiyar nan ba zagi ba ce, ita ce sallamarsu. Da ka ba shi ko na shan ruwa ne, wallahi da motarka na nan." Har yanzu ina ganin namu tsarin ya fi mutunci. Amma na yarda a inda aka san ka yake aiki.

Sauran motocin filin, masu lafiya sun fi ƙarfina. Emeka ya ce wata kwantena na hanya, in jira. Jiran nan shi ne abu mafi wuya a tafiyar. Kullum ruwa, kullum ina zaune a rumfar albasa ina kallonsa. Rannan Malam Haladu ya gama waya da iyalinsa ya ce, "An yi ruwa a Gaya jiya, mai yawa." A ranar na koma wani fili da na ga wata shuɗiya, sabon fenti sai ƙyalli take, kuma da sauƙin kuɗi har da canji. Malam Haladu ya ɗaga shimfiɗar ƙasanta ya kankare da sukundireba, sai ga layin walda daga wannan gefe zuwa wancan an shafe shi da kwalta. Na ce a haka zan ɗauka, in lallaɓa ta. Ya ce, "In ka saye ta, ni a bas zan koma."

Na kira Yaya na gaya masa komai, har da shuɗiyar. Na ce na ji an yi ruwa. Ya ce, "Wane ruwa? Yayyafi ne, ko ƙura bai kashe ba. Ka zauna ka sayo mai lafiya, kada ka kwaso mana wahala." Na so in yarda da shi, sai na yarda.

Da kwantenar ta iso, a cikinta akwai wata mummuna. Launinta kamar ruwan wanki, ƙofa ɗaya ba kalarta ba, ga wani rubutun ƙasar waje a jikinta da hoton kifi. Amma ƙasanta lafiya lau, ba a taɓa shi ba, injin kuma Malam Haladu ya saurara ya ce yarinya ce. Muka daidaita da Emeka. Kafin ya buɗe baki na tura masa kafin alƙalami, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba ya fashe da dariya ya ce, "Alhaji ya zama ɗan gari."

Kuma zan faɗi gaskiyar mutumin nan. Ana cikin haɗa ta wani ya zo ya taya sama da nawa, ina zaune a gefe bai san ni ne mai ita ba. Emeka ko kallonsa bai yi ba, ya ce an saya. Da aka gama na ce ba zan cika kuɗi ba sai na gwada ta da kaya, don ba a sayen san huɗa ba a ɗaura masa garma ba. Ya ce bai taɓa jin haka ba, amma in je. Muka loda mata albasar Alhaji har ta yi nauyi, na hau da ita wani tudu mai ramuka, Malam Haladu na baya a kan buhu ya kasa kunne ko walda za ta yi ƙara. Ba ta ce uffan ba. Alhaji ya sa aka duba mana takardunta, lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda, na biya. Fentin da ban yi ba shi ya zama kuɗin man dawowa. Motar da kuke gani ke nan da kifinta, kuma tun da ta zo ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Dawowa da rana kawai muka riƙa tafiya, a hankali. Masu mai da sitiyari sun bar sandar sigina a inda take, saboda haka duk kwanar da zan sha sai abin share gilashi ya tashi, Malam Haladu na cewa in daina gaida mutane. Wasu masu sanduna sun tare mu a wani ƙauye wai sai mun sayi sitika, na nuna musu aljihuna, Malam Haladu ya ba su sauran dakuwarsa suka buɗe hanya. Muna ta raha har Kaduna. Daga Zariya na fara duba gefen hanya. Gero ya fito a gonaki har ya yi ganye. A Wudil duk inda na duba an yi huɗa, ƙasa baƙa, kunya a miƙe.

Da hantsi muka shiga Toranke. Mutane suka taru ana ta sambarka, amma Yaya ba ya gida, aka ce yana gona. Ban kashe mota ba na wuce can, Malam Haladu na gefena.

Gonar gyaɗarmu an yi huɗar fiye da rabinta. Kallo ɗaya na san ba aikin shanu ba ne, kunyoyin gajeru ne, sara bayan sara. Yaya na can tsakiya shi kaɗai da garmar hannu, mutumin da ya ba hamsin baya. Ya taho yana murmushi, ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya tsaya a kan kifin.

Ya ce, "Lafiyayya ce?"

Na ce, "Lafiyayya ce, Yaya."

Na miƙa masa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa, wai da ƙasa a tafin. Na kama na juya. Ya naɗe shi da tsumma, tsumman ya manne, bororon ya fashe ya sake fashewa. Ɗaya hannun ma haka. Wallahi ban taɓa jin kunya da tausayi irin na lokacin ba, idona ya kawo ruwa a gaban Malam Haladu.

Na ce, "Yaya, ka ce mini yayyafi ne."

Ya ce, "Da na ce ruwa ne, da shuɗiyar ka kawo mana."

Na tuɓe rigar tafiya na jefa kan kujera na kama garmar. Ya ƙi saki, wai na sha hanya, sai da na ɓamɓare yatsunsa. Na shiga daga inda ya tsaya. Na yi nisa a kunyar farko na waiwaya, na gan shi zaune a inuwar motar, hannayensa a buɗe a kan gwiwa, yana tambayar Malam Haladu buhu nawa take ɗauka.